Baba Dawuda, Mai Ciyar da Ayu

Duk wanda ya tashi a unguwar Bololo ta Njamena ya san Baba Dawuda mai ciyawa. Shi ne dattijon nan dogo mai ɗan ranƙwafawa da ke shigowa unguwa da hantsi, yana tura amalanken hannu shaƙe da ɗanyen burugu, ruwa na ɗiga a bayansa tun daga bakin kogi. Burugu ciyawar ruwa ce mai zaƙi a kara. Ragon da ya saba da ita ba ya ko kallon harawa, shi ya sa masu kiwon layya da dillalan tumaki suke tsaye a ƙofar gidajensu suna jiransa. Tafin hannunsa duk tsagar ciyawa ne, ƙafafunsa kuwa ruwa ya cinye su har sun yi fari. Tun yana saurayi yake wannan aiki, da kwalekwale ɗaya da lauje, kuma da su ya aurar da 'ya'yansa.

Ba ya iya karatun boko, Larabcin kasuwa ma yana yin sa ne da harshen Hausa. Amma kogin Shari ya san shi ciki da waje. Yakan ce ruwa yana magana ta cikin jirgi. Idan igiyar ruwa tana marin katako faca-faca, iska ce kawai, za ta kwanta kafin rana ta take. Idan kuwa jirgi ya fara rawa daga ƙasa alhali saman ruwa lumui, to kogin Logon ne ya kawo sabon ruwa yana ture Shari, mai hankali sai ya bi gefe. A mahaɗar kogunan biyu ya ga abin da igiya ta yi wa masu gaggawa, bai taɓa son ba da labarin ba.

Mahaifinsa, Malam Ya'akubu, Basarke ne daga ƙasar Yawuri, wato masu su ne kaka da kakanni. Ya taso a ƙafa da niyyar Makka, guzuri ya ƙare a Forlami, kamar yadda ake kiran Njamena a lokacin. Ya ce bari ya yi damina ɗaya yana kamun kifi. Daminar nan ita ce ba ta ƙare ba har aka binne shi. Abu biyu ya bari a gidan. Na farko zago, wani ƙaton mashin ruwa mai ƙugiya da ake ɗaura wa igiya, yana rataye a azarar ɗakin Dawuda. Na biyu wani lanƙwasasshen ƙashi, haƙarƙarin ayu, wanda Inna Sakinatu, matar Dawuda, take danne faifai da shi a kan tukunya. Baƙo ya ɗaga shi sai ya ce dutse ne, don nauyi, kuma idan ka duba inda aka sare shi babu kogo, babu gurbin ɓargo, a cike yake tam.

Malam Ya'akubu maharbin ayu ne. Bai bar farautar don tuba ba, ayun ne ya ƙare. Raga ta yi yawa a kogi, jiragen inji suka zo da farfelarsu, masu neman man ayu don magani suka bi sauran, shekarun fari suka shanye guraben da yake fakewa. Dawuda bai taɓa ganin ayu da rai ba. Abin da ya gada labari ne kawai, kuma ya riƙe shi kamar karatun allo.

Ayu, in ji tsohon, ba a kama shi da ƙarfi. Dabba ce mai tsoro, mai kunne. Sai an sami mutum mai haƙuri ya riƙa kai masa ciyawa wuri ɗaya, lokaci ɗaya, yana yi masa wata 'yar alama, har ya saki jiki ya riƙa zuwa da kansa. Wannan shi ne mai ciyarwa. Ran da ayu ya daina shakka, sai mai jifa ya tsaya a goshin jirgi da zago. Idan an fede, mai jifa ya ɗauki mai, mai ciyarwa kuma haƙarƙari ne rabonsa, ba a hana shi ko da yana gadon mutuwa.

Wannan labari Dawuda ya ba da shi ya fi a ƙirga, kuma ba wanda ya ji shi kamar Mukhtar.

Mukhtar mahauci ne a Babbar Kasuwa, gajere, kakkaura, mai dariya da dukkan jikinsa. Tare suka yi makarantar allo. Tsakanin mahauta da masunta kuwa wasa ne tun na kakanni, duk abin da ɗaya ya gaya wa ɗaya ba a fushi, ba a kai ƙara. Su biyun nan sun riƙe wasan kamar sana'a. Idan Dawuda ya bi ta rumfar nama, tun daga nesa za ka ji Mukhtar.

"Jama'a ku rufe nama, ga sarkin ƙarni nan! Ɗan kifi, yau wa ka baro a ruwa, kawunka ko gwaggonka?"

"Uban ƙuda," in ji Dawuda, ko waiwaye ba ya yi, "ka kori 'ya'yanka daga kan tsokar nan tukuna, sannan ka yi magana da mutane."

Daga nan sai Mukhtar ya yanko tsoka ya jefa cikin ciyawar, Dawuda kuma ya ajiye damin burugu don ragunan da ke jiran wuƙa. Ba wanda ya taɓa yi wa wani godiya. Da ɗaya ya ce na gode, da ɗayan ya tambaye shi ko ba shi da lafiya.

A shekarar babbar ambaliya, Shari ya cika ya tumbatsa har ya manta gaɓarsa. Mukhtar ya daɗe da komawa Waliya, a hayin kogi, inda ya yi ginin ƙasa. Ruwa ya shiga unguwar, ɗakunansa suka zauna ɗaya bayan ɗaya. Dawuda ne ya je da kwalekwale ya kwaso shi, da matarsa Zuleha, da yara, da tukwane, da wata akuya da ta ƙi shiga sai da aka ɗauke ta cak.

"Ka ga ranar ɗan kifi," in ji Dawuda yana tuƙi. "Da ba don ni ba da yanzu kada na yin tsire da kai."

"Tuƙa, bawa," in ji Mukhtar, yana rungume da akuya, idonsa jawur. "Ubangidanka na jin sanyi."

Aka ba su ɗakin da 'ya'yan Dawuda mata suka bari, manyan yaran kuma suka riƙa kwana a zaure. Tukunya ta zama ɗaya.

A cikin wannan ruwa ne Dawuda ya ga abin da bai taɓa zato ba. Wuraren da ya saba yanka duk sun nutse, don haka ya gangara ƙasa da mahaɗa, ya shiga wani lungu bayan tsibiri inda ruwa ya kwanta, igiya ba ta kaiwa. Burugu ya yi kore shar a wurin. Yana cikin yanka sai ya lura an riga shi. Ba dorina ba ce, dorina tana fita tudu ta yi kiwo, ta bar sawu kamar turmi. Wannan daga ƙasa ake jan ciyawar, kara ya yi 'yar rawa, sannan ya shige ruwa a hankali kamar ana zare zare daga allura. Ya ajiye lauje. Can sai ga hanci ya ɓullo, ƙofofi biyu suka buɗe, aka yi wani numfashi mai nauyi irin na tsohon da ya hau tudu, suka rufe, ruwa ya koma lumui.

Inna Sakinatu ta ce ran nan ya dawo da rabin kaya, ya zauna a bakin murhu ya ɗauki ƙashin ayun da mahaifinsa ya bari yana juyawa, har sai da ta ce masa, "Malam, faifaina zai tashi." Sai ya ce mata, da murya ƙasa-ƙasa kamar wanda ya ga watan azumi shi kaɗai, "Na ga ayu."

Daga ranar ya canza hanya. Kullum bayan ya cika jirgi sai ya ware dami mafi laushi, ya shiga lungun, ya buga filafilin tuƙi a jikin katako, bugu mai taushi kamar sallama a ƙofar surukai, sannan ya zuba ciyawar ya yi shiru. Da farko sai ya tafi ake ci. Daga baya aka fara ci yana nan. Wata safiya ayun, ashe mace ce, ta taso gaba ɗaya a gefen jirgi, toka-toka, ta kusa kai tsawon kwalekwalen, wutsiyarta shimfiɗaɗɗiya kamar faifai, a gadon bayanta da tabon farfela jere kamar tsagar fuska. Ta kama ciyawa da hannuwanta ta kai baki yadda mutum ke yi. A bayanta kuma, manne da haƙarƙarinta, ga ƙarami, wanda ya isa cin ciyawa amma bai bar bin uwa ba.

Bai taɓa tunanin zago ba. Ya sani sarai abin da yake yi shi ne rabin farko na aikin mahaifinsa, amma a ransa rabin na biyu ya mutu tare da tsohon. Yakan ce ita ma baƙuwa ce, tafiya ta kawo ta, ta yada zango kamar iyayenmu, idan ruwa ya janye za ta kama hanyarta.

Mutum ba ya ganin irin wannan ya iya riƙe shi a ciki. Kasuwar nama ta yi sanyi saboda hanyoyin shanu sun yanke, Mukhtar yana zaune a zaure ba aiki, yana kallon bango. Dawuda ya ji tausayinsa.

"Tashi, uban ƙuda, in kai ka ka gai da gwaggona. Kullum kana tambayarta."

Mukhtar bai iya ruwa ba, ya zauna a tsakiyar jirgi ya riƙe gefe da hannu bibbiyu, duk igiyar da ta mare su sai ya yi salati. Da suka shiga lungun, Dawuda ya yi bugunsa. Ta zo. Mukhtar ya saki baki. Ya daɗe yana kallonta, daga wuya zuwa wutsiya, irin kallon da yake yi wa sa a kasuwar shanu.

"La ilaha illallahu. Dawuda, wannan ai ta fi bijimi kitse."

"Rufe bakinka. Gwaggona ce."

"Wallahi sai na fede gwaggon nan taka. Man da ke jikinta kaɗai ya gina mini gida har da kwano."

"Kai da ba ka iya tsayuwa a jirgi ba? Fara fede tsoronka tukuna."

Suka yi ta dariya har ayun ta nutse. Da yamma a majalisar ƙofar masallaci Mukhtar ya sake faɗa, a gaban kowa, cewa zai yanka gwaggon Dawuda ya raba wa unguwa. Aka yi dariya, Dawuda ya fi kowa. Tun suna yara Mukhtar yake rantsuwa zai yanka shi, zai sayar da jirginsa, zai aure masa mata. Daga nan ya riƙa bin sa kogi yana taya shi ɗaurin ciyawa, har Dawuda ya bar shi ya yi bugun da hannunsa, yana gyara masa. "A hankali, ba ƙashin saniya kake sara ba."

Sai zazzaɓi ya kayar da Dawuda. Sauron shekarar ba a taɓa ganin irinsa ba. Ya kwanta yana rawar sanyi, an kai shi an yi masa allura an dawo da shi, ba ya sanin wanda ya shiga ko ya fita. Da ya ɗan farfaɗo, abin da ya fara cewa shi ne a kira masa Mukhtar.

"Ta saba da lokacinta. Ka sami wanda zai tuƙa ka, ka kai mata ko dami ɗaya ne."

"Kwanta, ɗan kifi," in ji Mukhtar. "Gwaggonka tana hannuna."

Ranar da zazzaɓin ya sake shi, da azahar, Zuleha ta yi sallama a ƙofar ɗaki da kwano a rufe. Ba ta shigo ba, daga bakin ƙofa ta miƙa wa Inna Sakinatu.

"Romo ne, in ji maigidan. Ya ce Malam Dawuda ya sha da zafinsa, zai ji ƙarfi."

Ta juya da sauri. Inna Sakinatu ta ce daga baya ne ta tuna matar ba ta ɗaga ido ba.

Dawuda ya jingina da bango ya kurɓa. Yunwa ta kwana biyu ta taso masa, ya sha sosai. Naman ba na sa ba ne, ba na rago ba, ba kuma kifi ba. Laushi gare shi, kitsensa fari, ba ya daskarewa a baki. Ya ce a ransa mahaucin nan ya san inda yake ɓoye abin kirki. Ya sa hannu ya ɗauko ƙashin da ke cikin romon don ya tsotsi ɓargo, sai ya ji hannunsa ya yi ƙasa don nauyi. Ya juya bakin sarar wajen haske. Babu kogo.

Ya ɗaga kai ya dubi azara. Igiyoyin da ke riƙe da zago suna nan suna lilo, zagon babu.

"Kawo mini ƙashin da Baba ya bari," ya ce.

Ta kawo. Ya ajiye su gefe da gefe a kan tabarma, tsoho ya yi ruwan ƙasa don shekaru, sabo fari da romo a jikinsa. Lanƙwasarsu ɗaya. Ya rarrafa zuwa bakin ƙofa ya amayar da duk abin da ya sha.

Mukhtar yana zaure. An jingina sababbin fallayen kwano a bango suna ƙyalli, yana nuna wa wani magini. Da ya ga Dawuda tsaye yana dafe da ƙofa, sai ya washe baki.

"Kun gani? Romon gwaggo ya tayar da shi! Na ce muku maganin ɗan kifi yana ruwa."

Maginin ya dubi fuskar Dawuda, ya tattara igiyar awonsa ya fita.

"Mukhtar, me ka yi?"

"Abin da na ce zan yi. Na gaya maka a jirgi, na gaya maka a ƙofar masallaci. Ka ce kada in yi? Dariya ka yi."

"Wa ya jefa?"

"Wani ne daga ƙasan kogi, ya iya. Ni bugu kawai na yi. Wallahi ba ta sha wuya ba, da kanta ta kawo wuya gefen jirgi." Ya ga Dawuda ya rufe ido, sai muryarsa ta ɗan sauka. "Haba, ɗan'uwa. Ban ci haƙƙinka ba. Kai da bakinka ka ce mai ciyarwa haƙarƙari. Ga sauran can an shanya maka, ko tsinke ban taɓa ba. Zagon ma an wanke, zan mayar."

"Na ce ka kai mata ciyawa."

"Na kai mata! Dawuda, dube ni. 'Ya'yana suna kwana a zaurenka kamar kaji. Matata tana neman izini kafin ta ɗebi gishiri. Mai sayen man ya zo har rumfa yana roƙo. Dabba ce. Ni tun ban yi gemu ba dabba nake yankawa, kai kuma kake ci."

"Da ka sa mata raga, da na ce farauta ce. Da ka yi mata kwanto, da na ce ƙarar kwana." Dawuda ya numfasa. "Buguna ka yi. Ta zo ne tana zaton ni ne."

Mukhtar bai saba da irin wannan magana tsakaninsu ba, sai ya nemi hanyar da ya sani.

"To sarkin ƙarni, sai ka yi mata zaman makoki, mu zo gaisuwa. Ai ta bar maka maraya. Ka ci gaba da ciyar mana da shi, mai sayen man ya ce idan ya ƙara ƙiba zai dawo."

Ya yi dariya shi kaɗai. Dawuda ya dube shi ya koma ciki.

Da la'asar ya ja jiki zuwa ƙofar masallaci ya gaya wa dattawa. Suka saurara, sai wani ya fara murmushi. Mahauci da Basarke? Wa zai shiga tsakaninku? Wani ya ce naman ruwa ai halal ne. Wani ya ce shi dai a sam masa ɗan man, gwiwarsa ta dame shi. Limamin ya ce a yi haƙuri, wasa ba ya zama shari'a, kuma mutumin nan ya faɗa a gaban shaidu. Dawuda ya ga babu wanda ya fahimci abin da aka ɗauke masa. Inna Sakinatu ce kaɗai ta harzuƙa. Ta ce ya je wurin ma'aikatan ruwa da daji, ai an hana kashe ayu, ko kuwa ita ta fitar musu da tukwanensu waje.

"Yaran da ke cin tuwo a gidana zan sa a kama ubansu?" ya ce. "Ba inda za su sai ruwa ya janye. Nemo mini tsohuwar tasar nan da taɓarya."

"Malam, ko tsayuwa ba ka iya yi."

"A jirgi zaune ake."

Da sassafe ya fita. Iska ta taso daga gabas, igiya tana marin jirgi, hannunsa ba ƙarfi, sai da ya bi gefe yana kama ciyawa yana jan kansa. A lungun an tattake burugu, wani maiƙo yana yawo a saman ruwa. Ya daɗe zaune. Fatansa ɗaya, a ce ƙaramin ya tsorata ya gudu. Ya ɗaga filafili ya yi bugun.

Ya zo. Ko jinkiri bai yi ba. Hancin ya ɓullo dab da jirgi, ya yi numfashi, ya goga jikinsa da katako yana zagayawa, yana neman wadda ba ta nan ko ciyawar da aka saba. Dawuda yana iya miƙa hannu ya taɓa kansa. Duk wanda ya iya wannan bugu zai iya haka.

Ya ɗaga filafilin sama ya maka faɗinsa a ruwa dab da hancin. Ya ɗauki taɓarya ya hau dukan tasa. Ya yi ihu, ya yi zagi irin wanda bai taɓa yi wa ɗan'adam ba, ya yi ta jifa da duwatsun da ya ɗebo, yana kaucewa jikin da gangan. Ruwa ya yamutse, ƙaramin ya nutse. Wasu masu ɗiban yashi da ke wucewa suka tsaya suna kallo, suka ce zazzaɓi ya taɓa kan tsoho.

Washegari ya koma. Ya yi bugun, ya jira. Ƙaramin ya sake zuwa, amma daga ɗan nesa. Ya sake yi masa abin da ya yi jiya. Haka ya riƙa yi kowace safiya, ya kira shi da hannunsa, ya firgita shi da hannunsa, yana kuka yana dukan tasa. Tsakanin haka ya sa lauje ya bi lungun kaf, bai bar kara ɗaya tsaye ba. Abin da jirgi ya ɗauka ya kawo gari, sauran ya tura wa igiya ta tafi da shi, don kada a sami abin da zai riƙe maraya a wurin. Ruwa kuma ya fara ja da baya, bakin lungun yana ƙanƙancewa, idan ya rufe da shi a ciki ko yaro ya kama shi.

Wata safiya ya yi bugun, shiru. Ya sake, ya jira har rana ta yi zafi. Can tsakiyar kogi, inda ruwa ke gudu, ya ga wani zobe ya buɗe a saman ruwa ya baje. Ko shi ne, ko babban kifi ne, bai sani ba, har yau kuma bai sani ba. A hanyar dawowa ya tsaya a mahaɗa, wurin da gorar tuƙi ba ta taɓa ƙasa, ya saki zagon mahaifinsa da Mukhtar ya mayar.

Ruwa ya janye, Mukhtar ya gina ɗakunansa ya rufa kwano, suka koma. Dawuda da kansa ya ɗauke musu kaya a jirgi. Bai ce uffan ba a hanya, Mukhtar ya ɗauka ciwo ne bai gama sakinsa ba.

Bayan an kwana biyu Dawuda ya bi ta rumfar nama da amalankensa. Mukhtar ya hango shi, fuskarsa ta yi haske.

"Jama'a ku rufe nama, ga sarkin ƙarni! Ɗan kifi, yaya maraya?"

Dawuda ya tsayar da amalanke. Ya gyara hularsa, ya matso, ya ɗan rusuna kamar yadda ake yi wa baƙon da ake girmamawa.

"Barka da hantsi, Malam Mukhtar. An tashi lafiya? Yaya iyali? Yaya kasuwa?"

Mahautan da ke kusa suka daina sara. Mukhtar ya tsaya da wuƙa a hannu yana jiran sauran, bai zo ba. Ya yanko tsoka ya jefa cikin ciyawar kamar kullum. Dawuda ya ɗauko ta da hannu biyu ya mayar kan tebur.

"Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Akwai a gida."

Shekaru sun wuce yanzu, haka suke. Idan an yi rasuwa a gidan Mukhtar, Dawuda ne a sahun gaba. Idan suna ne, yana zuwa da goronsa. Ranar cika-ciki, da abokan wasa ke bin juna da tsiya, Mukhtar yakan zo Bololo tun da safe, ya tsaya a ƙofar gida ya zazzage duk zagin da ya tara. Dawuda ya shimfiɗa masa sabuwar tabarma, ya sa a kawo shayi, ya tambaye shi lafiyar yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Inna Sakinatu ta ce bara tana daga tsakar gida ta ji muryar Mukhtar ta karye.

"Don Allah, Dawuda, ka zage ni. Ko sau ɗaya."

"Subhanallahi, Malam Mukhtar," in ji shi. "Ni wa? Sha shayinka kada ya huce."

Baba Dawuda yana nan yana yankan burugu, ko da yake yanzu ba ya nisa. Ƙashi biyu ne a kicin ɗin Inna Sakinatu, ɗaya tana danne faifai da shi, ɗayan ya hana a taɓa. Masu jiragen haya a bakin kogi sukan tambaye shi dalilin da ya naɗe gefen kwalekwalensa da tsumma da tsohuwar roba, daga goshi har ƙarshe, alhali ba ya yoyo. Yakan ce hannunsa ya fara rawa, ba ya son filafili ya bugi katako ba da saninsa ba.